Me ya sa matacce ke dawowa a fim mai dogon zango?

Duk daren da aka saki sabon kashi na wani shiri mai dogon zango, ƙorafin kusan iri ɗaya ne. Wata ta ce labarin nan ya ƙare tun zango na biyu, ja mana rai kawai ake yi. Wani ya ce mutumin da aka yi wa jana'iza a gabanmu, har aka yi sadakar uku, yau ga shi ya yi sallama ya shigo falo. Wata kuma ta ce jiya-jiya matar gidan doguwa ce baƙa, yau ta koma gajera fara, kuma ko mijinta bai nuna ya lura ba. Sai a rufe da cewa marubutanmu ba su iya aiki ba.

To, rashin iya aikin ne, ko da gangan ake yi? Akwai marubutan da ba su iya ba, wannan babu musu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Yawancin abin da ke ba mu haushi a irin wannan shiri bai fara daga Kano ba, bai kuma fara daga Indiya ba. Ƙa'idoji ne da suka kusa shekara ɗari, kuma kusan kowace daga cikinsu kuɗi ne da jadawali suka haife ta.

Ina sabulu ya shigo cikin maganar?

Turawa na kiran wannan nau'in shiri "soap opera", wato wasan kwaikwayon sabulu. Sunan ya samo asali ne daga rediyon Amurka a shekarun 1930. A 1930 wata malamar makaranta mai suna Irna Phillips ta fara rubuta wasan rediyo a birnin Chicago, kashi-kashi, kowane kashi minti 15, ana sa shi da rana lokacin da maza ke wurin aiki mata na gida. Kamfanonin sabulu da garin wanki irin su Procter & Gamble da Colgate-Palmolive da Lever Brothers suka ga ai ga kasuwa nan: matar da ke sauraro ita ce mai sayen kayan wanki. Suka shiga ɗaukar nauyi, har ta kai Procter & Gamble yana shirya nasa da kansa.

Wannan asalin shi ne mabuɗin komai. Gidan rediyon ba labari yake sayarwa ba. Kunnen matar yake sayar wa kamfanin sabulu, labarin kuma shi ne igiyar da ke riƙe ta har gobe. Labarin da ya ƙare ya saki igiyar. Shi ya sa aka ƙirƙiro labarin da ba shi da ƙurunƙus. Wani shiri na Irna Phillips ɗin, Guiding Light, ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. Shekara 72 ke nan, da sama da kashi 15,000 a talabijin kaɗai. Wanda ya fara sauraronsa yana goye a baya, ya ga ƙarshensa da jikoki.

Iri uku muke haɗawa a suna ɗaya

Mu dai komai "dogon zango" muke ce masa, kuma a nan ruɗanin yake farawa, don abu uku ne daban.

Na farko shi ne wanda ba a shirya masa ƙarshe ba sam, irin na Amurka da Ingila. Coronation Street na Ingila ya fara a ranar 9 ga Disamba, 1960, ya haura kashi 10,000 a 2020, kuma akwai ɗan wasa guda, William Roache, da ya shafe sama da shekara 60 yana fitowa a matsayin mutum ɗaya. A irin wannan, unguwar ce jarumar. Mutane su zo, su yi aure, su mutu, titin yana nan.

Na biyu shi ne na ƙasashen Latin Amurka, Meziko da Brazil da Kolombiya, wanda suke kira telenobela. Shi ana sa shi kusan kullum, amma an san inda za a je: bayan wata shida zuwa takwas mugu zai ga sakayya, asirin haihuwa zai tonu, a ɗaura aure, a rufe. Na Larabawa na watan azumi ma daga wannan gidan yake, kashi 30, daren farko zuwa jajiberin salla.

Na uku shi ne mai zango-zango: a yi kashi goma sha wani abu, a huta, in kasuwa ta yi kyau a dawo. Yawancin namu na Hausa a nan suke. Matsalar ita ce, da yawa ana fara su da ginin telenobela, saurayi da budurwa da abin da ya hana su aure, sai shirin ya karɓu, sai a ƙi rufewa. Labarin da aka yanka wa riga daidai kashi 40 sai a ce ya sa ta kashi 150. Mai kallon da ya ce an ja masa rai, a nan gaskiyarsa ce. Amma wanda ke kallon shirin da aka gina a kan gari guda, kamar Daɗin Kowa na tashar Arewa24, yana tambayar yaushe za a gama, shi ne bai gane abin da yake kallo ba. Gari ba ya ƙarewa.

A tsaya a daidai inda ya fi daɗi

Ƙa'idar da kowa ya fi sani ita ce yanke kashi a kan gaɓa: an buɗe ƙofa, ido ya zazzaro, kiɗa ya tashi, sai sunaye su fara hawa. Wannan kam ba sai an koya wa Bahaushe ba. Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya da shi ta tsirar da wuyanta, tana katse labari in asuba ta yi. Akun Magana Jari Ce da labari ya riƙa tsare ɗan sarki har gari ya waye. Masu littattafan soyayya na Kano sun daɗe suna rufe littafi da "mu haɗu a na biyu", kuma ƙannensu na WhatsApp yau sukan ba da shafukan farko kyauta, sai an zo inda zuciya ke dukan uku-uku a ce sai an biya.

Abin da talabijin ta ƙara shi ne auna abin da lamba. A watan Maris na 1980, shirin Dallas na Amurka ya rufe zango da harbin babban mugun labarin, J.R., ba tare da an nuna wanda ya harbe shi ba. Wata takwas aka bar mutane suna cacar baki. Da aka bayyana a ranar 21 ga Nuwamba, kimanin mutum miliyan 83 ne suka kalla a Amurka. Tun daga nan rufe zango da tambaya ya zama farilla a masana'antar.

Akwai ƙananan gaɓoɓi ma a cikin kashin kansa, ana dasa su daidai inda talla za ta shigo. In ka lura wata ta ce "akwai maganar da na daɗe ina ɓoye maka", sai kawai ka ga tallar shinkafa, to ba tsautsayi ba ne. An auna.

Me ya sa labarin ba ya gaba?

Nan ne aka fi yi wa marubuta rashin adalci, don haka bari mu ɗan zauna.

Shirin rana na Amurka kwana biyar ake sa shi a mako, duk shekara, ba hutu: kimanin kashi 260 ke nan. Babu kuɗin da zai ɗauki tseren mota da gobara kullum. Abin da ya fi araha shi ne mutum biyu a ɗaki suna magana. Shi ya sa duniyar irin wannan shiri falo ce da tsakar gida da asibiti da shago ɗaya da kowa ke haɗuwa a ciki. A Ingila mashaya ce, a namu teburin mai shayi ne ko majalisar ƙofar gida. Marubuci na buƙatar wurin da kowa zai iya cin karo da kowa ba tare da an nemi dalili ba.

Sai maimaici. Abu ya faru sau ɗaya, sai a ba da labarinsa sau huɗu: ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa uwarta, uwar ta kira yayanta a waya. Asalin dalilin shi ne mai sauraron farko tana aiki ne tana ji. Ta fita shanya, yaro ya yi kuka, jiya ma ba ta samu ji ba. Dole a sake faɗa mata. Mu da wuta ke ɗaukewa a tsakiyar shiri, mun fi kowa cin moriyar wannan ƙa'idar, ko da muna zaginta.

Amma maimaicin yana da wani aiki da ya wuce tuni, kuma a ganina shi ne ainihin daɗin nau'in. A fim na awa biyu tambayar ita ce me zai faru. A dogon zango tambayar ita ce wa ya sani, wa bai sani ba tukuna, kuma yaya fuskarsa za ta yi in ya ji. Mai kallo ya riga ya san cewa yaron nan ba ɗan Alhaji ba ne tun kashi na 5. Abin da yake jira shi ne ranar da Hajiya Babba za ta ji, da ranar da facalarta za ta ji, da ranar da shi Alhajin zai ji a bakin wanda bai kamata ba. Kowane ji sabon wasa ne. Duk wanda ya taɓa zama a gidan yawa ya san haka tsegumi yake tafiya, kuma ya san ba labarin ne ke da daɗi ba, zagayawarsa ce. Shi ya sa kyamara ke manne wa fuska. 'Yan Indiya ne suka kai abin maƙura: a mari mutum sau ɗaya, a nuna sau uku, da tsawa, sannan a bi fuskokin mutum tara na gidan ɗaya bayan ɗaya, har da mai aiki.

Ƙa'ida ta gaba ita ce saƙa zare da yawa lokaci guda. Ana labarin gado a wannan gida, ana na kishi a wancan, ana na ɗan da ya faɗa shaye-shaye a na uku. Kafin ɗaya ya warware an ƙulla wani, don kada a sami ranar da mai kallo zai ce to, na ga ƙarshe, sai da safe. Tsugune ba ta ƙarewa.

Bambancin gwani da ɗan koyo a nan yake fitowa. Gwani in ya maimaita, kowane maimaici yana canza wani abu tsakanin mutum biyu. Ɗan koyo kuwa sai ya nuna mota ta fito daga gida, maigadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, motar ta hau titi, ta yi kwana, ta isa, wani maigadin ya buɗe. Wannan ba ƙa'ida ba ce, cika minti ne.

Matacce, sabuwar fuska, da yaron da ya girma dare ɗaya

Labarin da zai yi shekaru da mutane ake yin sa, mutane kuwa suna gajiya, suna neman ƙarin kuɗi, suna rashin lafiya, suna mutuwa. A Kannywood akwai ƙarin dalili da kowa ya sani: jaruma ta yi aure, ta bar fim, alhali ita ce ginshiƙin labarin. Marubuci na da ƙofa uku. Ya tura ta karatu ƙasar waje, ya kashe ta, ko ya kawo wata ya ce ita ce. A Amurka har sanarwa akan yi da murya a farkon fitowar, a ce daga yau wane ne zai riƙa fitowa a matsayin wane, a ci gaba kamar ba a yi ba. Inda ake son a ba da hujja kuma, sai a kawo haɗarin mota da tiyatar fuska.

Kisa ya fi kawo masu kallo, amma yana da haɗari, don wani lokaci sai an binne mutum ake gane shi ne ke riƙe da kasuwar. A Dallas ɗin nan, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Bobby, ƙanin J.R., ya bar shirin a 1985, aka kashe Bobby a gaban kowa. Masu kallo suka ragu. A 1986 sai tsohuwar matarsa ta farka daga barci ta same shi yana wanka, aka ce duk zangon da ya wuce, shekara guda cur, mafarki take yi. A Indiya, shirin uwar miji da suruka na furodusa Ekta Kapoor da ya yi tashe a tashar Star Plus daga 2000 zuwa 2008, kashi 1,833, ya kashe mijin jarumar a 2001. Masu kallo suka tayar da ƙayar baya, aka dawo da shi da cewa bai mutu ba, mantuwa ce ta same shi. Jarumar shirin, Smriti Irani, daga baya har minista ta zama a gwamnatin Indiya, don a san irin ƙarfin da fuskar da ke shiga gidaje kullum take da shi.

Daga irin waɗannan ne masu kallo suka fitar da tasu dokar: in ba ka ga gawa ba, kada ka yi ta'aziyya. Mota ta faɗa kogi, gida ya ƙone ƙurmus, an ce an tsinci takalminsa, duk ƙofa ce marubuci ya bari a buɗe. A labarin Hausa abin ya fi wuya, don mu ba ma jinkirta jana'iza, kuma ana wanka a sa likkafani a gaban dangi. Marubucin da ya nuna makara sannan ya dawo da mutum, ya ci bashin da zai yi wuyar biya. Shi ya sa ɓata da garkuwa da kurciya suka fi dacewa da ƙasarmu fiye da mutuwa, ga wanda ya san abin da yake yi.

Yara kuma ba su da amfani sosai a labarin soyayya da gado, ga wahalar ɗauka. Sai a tura yaro makarantar kwana yana ɗan shekara bakwai, ya dawo bayan zango ɗaya da gemu. Ko a rubuta "bayan shekara 20", a shafa wa uwar farar hoda a gefen kai.

Gidan da ba ya zama lafiya: inda ake jayayya

Zaman lafiya ba ya cika kashi. Ranar da aka ɗaura auren masoya, ranar marubuci ya shiga uku, don dole ya nemo abin da zai shiga tsakaninsu: tsohuwar budurwa, rashin haihuwa, uwar miji, kishiya, boka. A nan ne masu suka ke da magana mai nauyi. Sukan ce yarinyar da ta tashi tana ganin kowace uwar miji muguwa, kowace kishiya da ƙullin magani, za ta shiga gidan miji da damara. Ba a nan kaɗai ake wannan faɗa ba. A 2008 tashar MBC ta Larabawa ta nuna wani shirin Turkiyya da aka fassara zuwa Larabcin Sham da sunan Noor. An ƙiyasta mutum miliyan 85 suka kalli kashin ƙarshe, kuma babban muftin Saudiyya ya fito ya yi tir da shi.

Cewa irin wannan shiri yana taɓa rayuwa, an auna an gani. Masana tattalin arziki, Eliana La Ferrara da abokan aikinta, sun bi yadda tashar Globo ta riƙa isa yankunan Brazil ɗaya bayan ɗaya, suka ga inda shirye-shiryenta suka isa mata sun rage yawan haihuwa, iyaye kuma suna raɗa wa 'ya'ya sunayen mutanen cikin shirin. Ba wa'azin tsarin iyali ake yi a ciki ba. Iyalan da ake nunawa ne kawai ƙanana.

Masu kare nau'in da wannan hujjar suke kafa tasu: wuƙar da ta yanka ka ita ke yanka maka nama. A Meziko a shekarun 1970, wani furodusa mai suna Miguel Sabido ya tsara hanyar cusa darasi cikin telenobela, ya yi ɗaya kan yaƙi da jahilci a 1975. Dabararsa ita ce a sa mutum uku: nagari, mugu, da mai tangal-tangal a tsakiya wanda ya yi kama da mai kallo, a bar shi ya yi ta kuskure har ya gano hanya. A Najeriya, Cock Crow at Dawn da NTA ta ɗauka a yankin Jos a 1980 an yi shi ne don a jawo hankalin mutane ga noma. Daɗin Kowa ma da irin wannan niyya aka gina shi, ana sako almajirci da shaye-shaye da tsattsauran ra'ayi cikin rigimar gidaje.

Ni dai inda na tsaya, rikici dole ne, amma ba dole ne kullum ya fito daga zanin mace ba. Gado, bashi, filin gona, siyasar unguwa, ɗan da ya tafi ci-rani ya daina aike, duk suna iya riƙe kashi 50. Komawa ga kishiya da boka kowane lokaci lalaci ne, don su ne rikicin da ba ya buƙatar bincike.

Sai hukuma. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, bisa cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Ko me mutum ke gani game da hukuncin, ya tono wani karo na gaske: tsarin tacewa an gina shi ne a kan fim ɗin da aka gama aka kawo a faifai, shi kuwa dogon zango sau da yawa ana ɗauka ne ana saki, ana karanta ra'ayin masu kallo ana juya alƙalami.

Yau wa ke sayen sabulun?

Da kasuwar faifai ta mutu a hannun masu satar fasaha, Kannywood ta koma talabijin da YouTube, kuma zaman gida na korona a 2020 ya ƙara tura ta can. Lissafin YouTube kuwa a fili yake: bidiyon da ya kai minti takwas ana iya dasa masa talla a tsakiya, kuma manhajar na fifita abin da ke riƙe mutane tsawon lokaci suna dawowa. Fim guda na awa biyu sau ɗaya zai ci kasuwa. In aka yanka labarin nan kashi 40, kowane mako akwai shiga. Ga kuma tallar da ake cusawa cikin labarin kansa, inda jaruma za ta dakata da kukan sakin da aka yi mata ta yaba wani maganin gargajiya ko shagon atamfa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga 'yan wasa da masu ɗauka da masu haɗa hoto, wannan tsari ya kawo abin da fim ɗaya-ɗaya bai ba su ba, wato aikin da ake komawa duk wata. Ga mai kallo kuma lissafin ya juye. Matar Chicago ta 1930 kyauta take sauraro, sai in ta ga dama ta sayi sabulu. Mai kallo a Gusau ko Maraɗi shi ke sayen data, ya kalli tallar da aka dasa, ya kuma kalli wadda aka saƙa a bakin jaruma. Minti shidan da maigadi ya yi yana buɗe ƙofa yana rufewa, daga cikin datarsa aka cire su.